Madarar da Aka Dawo da Ita

Kullum da safe, kafin in buɗe shago, nakan shiga gidan da ke jikin namu in ɗauko kiret biyu na madarar kwalba. Shekara huɗu ina yin haka. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Da idona na gani, kuma akwai hannuna a ciki.

A bayan gidan suke aikin, cikin wani ɗaki mai farin tayil da ya fara komawa ruwan ƙasa. Akwai babbar tukunya da ake tafasa madara da sukari. Daga ita bututun ƙarfe ya bi bango ya shiga tankin sanyayawa, ya fito ta ɗaya gefen ya ƙare a famfo uku inda ake cika kwalabe. A tsakiyar ɗakin akwai magudanar ruwa mai murfin ƙarfe. Ban taɓa ganin ƙasan ɗakin nan a bushe ba.

Babban ɗan gidan, wanda kowa ke ce wa Yaya Babba, shi ya riƙe sana'ar tun rasuwar mahaifinsu. Ƙaninsa Auta shi ke tuƙa motar kai kaya. Mahaifiyarsu, Inna, tana zama a kujera a bakin ƙofar ɗakin, hannu na liƙa takarda a jikin kwalabe, ido na kan kowa. Matar Yaya Babba ba ta shiga, wai ƙarnin madara na sa mata ciwon kai, ko da yake bai taɓa hana ta sha ba. Wanki kuwa, na tukunya da tanki da kwalabe da ƙasa, duk na matar Auta ne, ita ce kuma ke cika kwalaben. Shekara uku da kawo ta gidan, har yanzu Amarya ake ce mata. Ba don ana ji da ita ba, sai don ba wanda ya damu ya nemo mata wani suna.

Cikinta na wata huɗu ranar da ta kira ni gefe.

"Anti, zo ki ga wani abu."

Ta cusa ɗan yatsanta cikin bakin famfon tsakiya, ta juya, ta zaro. Wani abu ne ya biyo yatsan, mai launin toka, mai yauƙi kamar ruwan kuɓewa.

"Yanzu na gama wanke shi," in ji ta. "Sau biyu na tura ruwan sabulu ta ciki. Iya inda yatsana ya kai yana fita, gobe kuma ya dawo. Daga can yake gangarowa."

Ta nuna mini wata mahaɗa a jikin bututun, inda wani ƙaton noti ya yi tsatsa. An naɗe wurin da tsohuwar roba saboda yana ɗiga.

Muna tsaye Yaya Babba ya shigo. Ta rusuna ta gaishe shi, ta nuna masa yatsan, ta ce ko za a kira mai gyaran famfo a kwance wurin ta wanke ciki.

Ya kalli notin, ya kalle ta.

"Wannan tun Baba na da rai ba a taɓa taɓa shi ba. In aka murɗa ya karye, ke za ki ƙera mini wani? Kwana uku ba aiki, masu shaguna su koma wajen wasu, shi ke nan kin huta." Ya buga tukunyar da bayan hannu. "Madarar nan tafasa ta muke yi. Wace cuta ce za ta shiga wuta ta fito da rai?"

"Ai bayan an tafasa ne take bi ta cikinsa, Yaya."

A hankali ta faɗa, kanta a ƙasa. Inna ta aje kwalbar da ke hannunta.

"To, madalla. Ashe likita muka auro ba mu sani ba."

Aka yi dariya. Ni ma na ɗan yi, don kada a ce na ɗauki ɓangare. Na ɗauki kiret ɗina na fita.

Daga wannan watan kwalabe suka fara dawowa. Madarar da a da takan yi sati a firji ba ta canja ba, yanzu kwana huɗu sai ka ga wata ta kumbura, wata ta tsinke. Da la'asar Auta zai sauke abin da shaguna suka mayar, Inna ta zauna tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa. Wadda ta yi tsami a tuttular a magudana. Wadda ba ta nuna komai ba a mayar da murfinta a sa a firjin gida.

"Ba a zubar da abinci a gidan nan," in ji Inna. "Wannan lafiyarta ƙalau. Amarya, sha. Mai ciki ai madara take so. Wasu nema suke da kuɗinsu, ke ga shi har gida."

Yaran Yaya Babba ba sa shan ta, uwarsu ta ce sai sabuwa. Auta ya ce ya gaji da ganin madara. Ita ce dai. Kwalba da safe kafin ta fara wanki, don ba a gama abin kari sai rana ta ɗaga, kwalba kuma da yamma. Wasu sun yi sati biyu a firjin nan kafin su iso bakinta. Ba wari, ba tsami, sanyi kamar ƙanƙara.

Da ƙorafi ya yi yawa, Yaya Babba ya ce wankin ne bai fita. Ya sayo wani sinadari mai ƙarfi a jarka, bai sayo safar hannu ba. Ya ce a riƙa wanki sau uku maimakon biyu, a kuma buɗe murfin magudana a feshe ta da tiyo. Na sha tarar da ita tana fesawa, ruwan yana fallatsa har kan teburin da ake jera kwalabe. Cikin sati biyu tafin hannunta ya tsattsage. In ta riƙe burushi sai ta cije leɓe. Cikin ya girma har ba ta iya durƙusawa, sai ta zauna a kan bokitin da ta kife, ta miƙa ƙafafu cikin ruwan, tana gurzar tayil da hannu ɗaya.

Wata rana na tare Auta a bakin mota.

"Kai kuwa ba ka ganin hannun matarka?"

"Ina gani, Anti."

"To?"

Ya shafa ƙeya. "Yaya ne babba. Ni me zan ce? In na yi magana Inna ta ce mata ta raba ni da ɗan'uwana. Na dai ce mata ta ƙara haƙuri, in ta haihu ai za ta samu hutun jego."

Ba mugu ba ne Auta. Har man shafawa ya sayo mata. Sai dai irin mutanen nan ne da in ruwa ya taso sukan nemi inda za su fake, ko da nasu na tsaye a waje.

Ni ma ban fi shi ba. Na daina ba jikokina madarar, amma ban daina sayar da ita ba. Ita ce ke jawo mini mutane shago. Nakan dai duba in ga ba ta kumbura ba, in miƙa.

Zazzaɓin ya fara mata ne cikin wata na bakwai. Ba mai zafi ba. Ciwon jiki, ciwon baya, ɗan rawar ɗari da hantsi.

"Laulayi ne," in ji Inna. "Ni da cikin Auta har ranar haihuwa ina daka. 'Yan yanzu ba ku da ƙashi. Sha maganin ciwon kai ki tashi, tanki na jira."

Ta tashi. Kashegari ma ta tashi. Rana ta uku na shigo na same ta zaune a kan bokitin nan, ta jingina kai da sanyin tanki, tiyo na zuba a ƙasa ba ta ma sani ba. Na taɓa goshinta, kamar murfin tukunya.

"Anti," ta ce, "tun jiya da rana bai motsa ba."

Na juya wajen Inna. Ta ce yaro barci yake yi, su ma suna hutawa. Na nemi Yaya Babba ya kira Auta ya dawo da mota. Ya ce motar na can ƙarshen gari da kaya, in ta juyo yanzu madarar za ta ɗumame, a bari ya gama zagaye zuwa azahar. Ban tsaya ba. Na tari tasi a bakin titi, na saka ta muka tafi, na bar shagona a kulle.

A asibiti nas ta daɗe tana yawo da na'ura a kan cikin. Ta fita, ta dawo da likita. Shi ma ya yi ta nema. Sai ya kashe na'urar ya ja kujera ya zauna, kuma daga yadda ya zauna na gane.

Kwana ɗaya da yini ta yi tana naƙudar ɗan da ta san ba zai yi kuka ba. Namiji ne. Auta ne ya karɓe shi a naɗe, ya tsaya a baranda yana kallon bango.

Bayan kwana uku likitan ya dawo da takardar gwajin jini. Ina wajen, na kawo mata ruwan zafi. Ya tambaye ta abin da take yawan ci da sha. Ta lissafa. Da ta zo kan madarar kwalba sai ya ɗago kai, ya tambayi ta ina. Ta faɗa, don ba ta ga abin ɓoyewa ba. Ya ce akwai wani dattijo a ɗakin maza da irin wannan ƙwayar cutar a jininsa, akwai kuma wata mai ciki da aka sallama makon jiya, ita Allah ya taimake ta an kama da wuri. Duk su biyun sun ambaci madarar nan. Ya ce dole ne ya sanar da ofishin duba-gari.

Mace ce suka turo, mai gajeriyar magana, da akwatin roba a hannu. Ta zo da mai gyaran famfo. Ban san abin da ya kai ni ba, na dai tsinci kaina a bakin ƙofar ɗakin, bayan kujerar Inna.

Ta duba tukunya, ta duba tanki, ta ce waɗannan a wanke suke tas. Ta sa auduga a kan tsinke ta goga cikin magudana ta jefa a kwalba. Sai ta nuna notin.

"Kwance wannan."

Yaya Babba ya fara bayani. Ba ta kalle shi ba. Mai gyara ya sa sifana, ya danna da ƙafa, notin ya yi ƙara ya juya. Bai karye ba. Ko minti biyar ba a yi ba.

Da aka raba bututun, sai da Inna ta toshe hanci. Zoben robar da ke ciki ya ruɓe ya tsattsage, kuma duk kewayen ya yi kauri da abin nan mai yauƙi, wani wuri fari, wani wuri toka, har ya rage faɗin ramin.

"Kun gani?" in ji matar. "Ƙwayoyin cuta ne suka yi gida. In suka samu tsaga da danshi da ɗan ragowar madara, sai su manne, su lulluɓe kansu da wannan yauƙin. Ruwan sabulu ya bi ta kansu ya wuce. Kullum kuna tafasa madara, kullum tana bi ta nan tana kwasa. Irin wadda ta kama mutanen nan kuma sanyi ba ya hana ta yaɗuwa. A firji ma ƙaruwa take yi, ba ta canja ɗanɗano, ba ta wari. Mai ƙarfi ya sha ya yi kwana biyu da ciwon ciki. Tsoho da mai ciki su ne ba sa tsira."

"To ai ranki ya daɗe," in ji Yaya Babba, "muna da mai wanki. Aikinta ke nan. In an samu datti..."

"Ko shekara za ta yi tana wanki daga waje, hannu ba ya kai wa nan sai an kwance. Yaushe rabon da a kwance?"

Ta rufe ɗakin, ta liƙa takarda a ƙofa, ta ce sai an canja bututu da zobe an gyara magudana za ta dawo.

Na ɗauka daga nan kunya za ta kama gidan. Da yamma na ji Inna tana gaya wa wata maƙwabciya ta kan katanga cewa ƙazantar yarinyar nan ta ja musu, kuma maimakon ta rufa wa gidan mijinta asiri, ta je ta kwance musu zani a gaban likita.

Da aka sallamo Amarya, ruwan nono ya zo mata. Ba wanda ya gaya mata zai zo. Na shiga na same ta zaune a bakin gado, gaban rigarta ya jiƙe, tana kallonsa kamar ba jikinta ba. Ina cikin ɗaure mata ƙirji da zani Inna da Yaya Babba suka shigo, Auta na biye da su. Ba su ce in fita ba. Ina jin sun saba da ni kamar yadda aka saba da kujera.

"Abin da ya faru ƙaddara ce," in ji Yaya Babba. "Mu ma namu ne ya tafi. Amma baki goma ke ci daga ɗakin can. Jibi matar duba-garin nan za ta dawo. Na kira masu shaguna su zo su ga gyaran da idonsu. Abin da muke so, ki fito ki ce sakaci aka samu wajen wanki, saboda nauyin ciki. Ba wanda zai ga laifinki. Mutane su samu natsuwa, shi ke nan."

"Na faɗa maka tun ina wata huɗu, Yaya."

"Ga irinta nan," in ji Inna. "Ana maganar rufin asiri, tana tone-tone. Ke kaɗai kika taɓa rasa ɗa? Ni biyu na binne ban ɗora wa kowa ba."

Amarya ta kalli mijinta. Ya ce, "Kalma biyu ce kawai. Ki yi don ni."

Ranar, mu bakwai ne masu shaguna a tsakar gidan. Sabon bututu na ƙyalli. Matar duba-gari ta gama dubawa, ta sa hannu a takardarta, ta cire wadda ke ƙofa. Sai Yaya Babba ya yi gyaran murya ya ce akwai mai magana. Aka fito da Amarya, tana dafa bango. Ta faɗi abin da aka ce ta faɗa, ba ta ƙara ba ta rage ba, da murya irin ta mai karanta allon talla.

Ban iya ba. Na bi matar har bakin ƙofa na ce mata ƙarya ne, yarinyar nan ta nuna musu tun watanni uku da suka wuce, ina wajen.

"Na sani," ta ce. "Ni na buɗe bututun. Ban nemi kowa ya amsa laifi ba, takardata ba ta da wurin rubuta wannan. Ba don ni aka sa ta faɗa ba, Hajiya. Don ku ne."

Na waiga. Masu shaguna suna gyaɗa kai, suna cewa ai mai ciki sai a hankali, Allah ya kiyaye gaba. Wani har ya ce a sa masa kiret uku gobe.

A ƙarshen satin Auta ya kai Amarya gidan iyayenta, wai ta huta. Dattijon nan na asibiti ya rasu a wannan satin. 'Ya'yansa suka ce tsufa ne.

Yanzu wata mata suka ɗauka aikin wanki, bare, daga wata unguwa. Ranar da ta fara ta ce ba ta taɓa sinadari sai da safar hannu da takalmin roba, aka sayo. Ta ce duk ƙarshen mako sai an kwance bututu, ana kwancewa. Inna na ce mata "sannu da aiki". Matar tana iya aje burushi ta tafi, shi ya sa maganarta ke shiga kunne. Wadda ba ta da inda za ta, wadda aka ce ta zama 'yar gida, ita ce aka bari ta yi ta faɗa wa bango.

Na daina karɓar madararsu. Ba abin da ya ragu a gidan, shagon da ke kallon nawa ya karɓi rabona. Watanni biyar ke nan, ba wanda ya je bikon Amarya, ba kuma wanda ya ce an rabu.

Makon jiya na je duba ta. Ta rame, hannun dai ya warke. Muka zauna a inuwa muna tsince shinkafa, na yi ta kewaye-kewaye kafin na ce ta yafe mini dariyar da na yi ranar nan. Ta ce ba ta ma tuna ba. Sannan ta ce:

"Anti, ni ba maganar da suka sa na faɗa ce ke hana ni sukuni ba. Bayan na ga abin nan a yatsana, wata uku na ƙara ina cika kwalabe da hannuna. Tsohon nan da ya rasu, ƙila ni na rufe murfin tasa. Da na ƙi. Da na zauna na ce ba zan taɓa ba sai an kwance."

Na ce mata da sun kore ta tun ranar.

"Da sun kore ni da ɗana a ciki," ta ce.

A duk mutanen da suka san abin da ke cikin bututun nan, da mai shi, da uwarsa, da ƙaninsa, da ni mai sayarwa, ita kaɗai ta buɗe baki. Kuma har yau ita kaɗai na ji ta ce laifinta ne.